Tambaya da Amsa: Me Log Yake Tambaya?

Wasiƙun da suka taru mini a wannan karon kusan duk a kan logaridim suke, wanda ɗalibai ke taƙaitawa su ce log. Na tsamo waɗanda nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran. Ku karanta da biro da takarda a kusa, domin akwai wuraren da zan ce ku gwada da hannunku.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a babbar sakandare. Na haddace dokokin log kaf, kuma ina cin tambayoyinsa idan suka zo yadda aka koya mana. Amma da za a tsayar da ni a ce mene ne log ɗin kansa, ba ni da amsa. Don Allah a warware mini.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Tambayarki ita ce uwar duk sauran, don haka zan daɗe a kanta.

Rubuta wannan: 2 × 2 × 2 = 8. A taƙaice ana rubuta shi 2³ = 8. Lambobi uku ne a nan. Akwai 2, ita ce tushe. Akwai ƙaramar 3 da ke sama, ita ke faɗin sau nawa aka jera tushen ana ninkawa. Akwai 8, abin da aka samu. Idan na rufe 8 da yatsa na tambaye ki, ninkawa kawai za ki yi. Idan na rufe 2, za ki nemi lambar da in an jera ta sau uku ana ninkawa take ba da 8. To idan 3 na rufe fa? Tambayar ta koma: biyu nawa zan jera ina ninkawa kafin in kai 8? Wannan tambayar ita ce log. Ana rubuta ta log₂ 8, amsarta kuma 3.

Saboda haka log₂ 8 = 3 da 2³ = 8 magana ɗaya ce. Log lambar sama ce da aka ɓoye ake nema. Abin da nake roƙon kowane ɗalibi shi ne, kafin ya ɗora biro a kan kowane log, ya fara karanta shi da baki. log₃ 81: uku nawa zan jera in kai 81? 3, 9, 27, 81, huɗu ke nan. log₁₀ 1000: goma nawa? Uku. log₅ 5: biyar nawa? Ɗaya tak. Idan kin ga log ba a rubuta masa tushe ba, a littattafan sakandare 10 ake nufi.

Za ki ce to ina labarin log 1 = 0, da log 0.01 = −2, tunda ba a jera lamba sau sifili? Ki ɗauke shi kamar matakala. Kowane hawa ɗaya ninkawa ne da 10, kowace sauka ɗaya rabawa ce da 10, log kuma lambar matakin da kike tsaye ne. 1000 tana mataki na 3. Sauko ɗaya, 100, mataki na 2. Sauko, 10, mataki na 1. Sake saukowa, 10 a raba da 10, an sami 1, mataki na 0. Matakalar ba ta ƙare a nan ba: 0.1 tana mataki na −1, 0.01 tana na −2. Ba wanda ya ƙaƙaba wannan doka, ci gaba da rabawa ne ya kawo mu.

Saura lambobin da ke tsakanin matakai. 2 ta fi 1, ba ta kai 10 ba, don haka log 2 yana tsakanin 0 da 1. A ina daidai? Jera 2 sau goma kina ninkawa, za ki sami 1024, wadda ta ɗara 1000 da kaɗan. Wato biyu goma sun kai ki mataki na 3 da ɗan ɗori. Kowace biyu guda ta ɗauki kashi ɗaya cikin goma na wannan tafiyar, wato 0.3 da ɗan ɗori. Jadawalin log, wato jerin log ɗin lambobi da aka riga aka lissafa, zai ce miki 0.3010. Kin ga da kanki kin samo kusan dukkanta.

Dokokin da kika haddace kuwa ƙirga ne kawai. 8 biyu uku ce, 32 biyu biyar ce. In kin ninka 8 × 32, kin jera biyu uku sannan kin ƙara biyu biyar, jimla biyu takwas, wato 256. Shi ya sa log na abin da aka ninka yake daidai da tara log ɗinsu: log (a × b) = log a + log b. In rabawa ce, 32 a raba da 8, biyu uku sun fita daga cikin biyar, saura biyu biyu, wato 4, shi ya sa rabawa ke komawa ɗebewa. In kuma 8² ce, kin jera biyu uku har sau biyu, 2 × 3 = 6, shi ya sa lambar sama ke saukowa gaban log ta ninka shi. Dokoki uku, duka daga tambaya ɗaya.

Ga aikin gida mai daɗi. Riƙe lambobi biyu kawai: log 2 = 0.3010 da log 3 = 0.4771. Daga su za ki fitar da log 4, domin 4 biyu sau biyu ce, 0.6020. log 6 shi ne 0.3010 + 0.4771 = 0.7781. log 5 shi ne log 10 a ɗebe log 2, wato 0.6990. log 8 da log 9 na bar miki. Bakwai ce kaɗai ke gardama, amma ita ma akwai dabara: 7 × 7 × 7 × 7 = 2401, dab da 2400, ita kuma 2400 ai 8 × 3 × 100 ce. Tara log ɗinsu: 0.9030 + 0.4771 + 2 = 3.3801. Raba huɗu, kin sami 0.8450. Jadawali ya ce 0.8451. Ɗalibar da ta yi wannan da hannunta sau ɗaya ba ta ƙara jin tsoron log.

TAMBAYA: Malam, a gwajin da muka yi na rubuta log (x + 5) = log x + log 5, sai malaminmu ya soke duk aikin tun daga wannan layin. Ai haka muke buɗe baka biyu a aljabra: 3(x + 5) = 3x + 15. Me ya bambanta su?

AMSA: Ɗana, malaminka ya yi daidai, kuma wannan shi ne kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai. A 3(x + 5), ukun nan lamba ce da ke ninka abin da ke cikin baka. Log ba lamba ba ce, ba ya ninka komai. Tambaya ce ake yi wa abin da ke cikin bakan gaba ɗayansa.

Gwada da lambobi, gani ya kori ji. log (10 + 10) shi ne log 20, wato 1.3010. Amma log 10 + log 10 shi ne 1 + 1 = 2, kuma 2 log ɗin 100 ne. Ashirin da ɗari ba ɗaya ba ne. Tara log biyu yana nufin an ninka lambobin, 10 × 10, ba a tara su ba. Log na abin da aka tara ba shi da wata dokar warwarewa, haka ake barinsa a dunƙule. Ka lura wajen gwajin, kada ka zaɓi 2 da 2, domin 2 + 2 da 2 × 2 duk 4 ne, sai kuskuren ya ɓuya maka.

Kuskuren nan yana da ƙanne biyu. Na farko shi ne ɗaukar log a ÷ log b a matsayin log (a ÷ b). Gwada: log 1000 a raba da log 10 shi ne 3 ÷ 1 = 3, amma log (1000 ÷ 10) shi ne log 100 = 2. Na biyu shi ne haɗa log (x²) da (log x)². In x tana 1000, na farkon 6 ne, na biyun 3 × 3 = 9. Duk lokacin da ka yi shakkar wata doka a ɗakin jarrabawa, sa 10, 100 ko 1000 a ciki. Ba zai ci maka rabin minti ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina koyar da yara lissafi da yamma bayan sun taso daga makaranta. A ikweshan na log, idan amsa ta fito biyu, nakan ce musu su jefar da wadda take ƙasa da sifili su riƙe ɗayar. Wani yaro ya tambaye ni dalili, na ce haka dokar take. Amma abin ya tsaya mini a rai. Shin dokar tana da dalili?

AMSA: Malam, na gode da ka rubuto, kuma yaron nan ka riƙe shi da kyau. Gaskiyar magana, wannan ba doka ba ce. Gajeriyar hanya ce da ke yin daidai a yawancin tambayoyin littafi, sannan ta kayar da yaro ranar da tambaya ta sauya fuska. Ina roƙonka ka daina koyar da ita. Bari mu bi misalai.

Ga wanda ta yi daidai a kansa: log₂ x + log₂ (x − 2) = 3. Haɗa log biyun su zama ɗaya: log₂ [x(x − 2)] = 3. Karanta da baki: abin da ke cikin baka biyu uku ne a jere, wato 8. Don haka x(x − 2) = 8, ko x² − 2x − 8 = 0, wanda ke warwarewa zuwa (x − 4)(x + 2) = 0. An sami 4 da −2. Mayar da 4 cikin tambayar asali: log₂ 4 + log₂ 2 = 2 + 1 = 3. Ta zauna. Mayar da −2: log₂ (−2). Biyu nawa za ka jera ka sami −2? Ko hawa ka yi ko sauka, 2, 4, 8, ko rabi, kwata, ba za ka taɓa ƙetare sifili ba. Tambayar ba ta da amsa, shi ya sa −2 ta faɗi. Abin da ya kayar da ita shi ne ta sa abin da ke cikin log ya koma ƙasa da sifili.

Yanzu dubi wannan: log (3 − x) = 1. Abin da ke cikin baka goma ɗaya ce, 3 − x = 10, x = −7. Yaron da ya haddace cewa ana jefar da mai alamar ɗebewa zai jefar da ita ya ce babu amsa. Alhali 3 − (−7) = 10, log 10 = 1. Amsa ce lafiyayya.

Ga kuma ta ɗaya ɓangaren: log₂ (x − 5) + log₂ (x − 2) = 2. Haɗa su: (x − 5)(x − 2) = 4, wato x² − 7x + 6 = 0, x = 1 ko x = 6. Duka biyun suna sama da sifili, don haka yaronka zai riƙe su duka. Amma sa 1: x − 5 ta zama −4, x − 2 ta zama −1, log biyun duk ba su da ma'ana. Sa 6: log₂ 1 + log₂ 4 = 0 + 2 = 2. Shida ce kaɗai amsa.

Daga ina baƙuwar amsar ke shigowa? Wannan shi ne ainihin abin da yaron ya tambaya. Tana shigowa ne a layin da muka haɗa log biyu. Dokar log a + log b = log (a × b) tana aiki ne in a da b kowacce tana sama da sifili. Amma −4 × −1 = 4, log₂ 4 kuma ba shi da matsala. Wato sabon layin ya karɓi lambar da tsohon layin ba zai karɓa ba. Mun faɗaɗa ƙofa da hannunmu, don haka dole mu koma mu tantance waɗanda suka shigo.

Akwai kuma kishiyar wannan, wadda ta fi haɗari domin gwajin ƙarshe ba ya kama ta: amsa ta gaskiya ta ɓace a hanya. Ɗauki log (x²) = 2. In ka sauko da lambar sama ka rubuta 2 log x = 2, za ka sami x = 10 kawai. Amma karanta tambayar asali da baki: x² goma biyu ce a jere, 100. To x tana iya zama 10, tana iya zama −10, domin (−10)² ma 100 ce. Saukowar nan ta ƙuntata ƙofar, −10 ta maƙale a waje.

Abin da zan so ka koya wa yaran shi ne, tun kafin su fara aiki su rubuta sharaɗi a gefen takarda: duk abin da ke cikin log sai ya fi sifili. A misalin x − 5 da x − 2, sharaɗin shi ne x ta fi 5. Da 1 ta fito, sun riga sun san ba ta cikin gida. Masu duba jarrabawa ma suna son ganin dalilin jefarwar a rubuce, ko da layi ɗaya ne.

TAMBAYA: Malam, me ya sa kalkuleta ke nuna kuskure in na danna log 0? Kuma me ya sa ba a yin log mai tushe 1?

AMSA: Goma nawa za ki jera ki sami sifili? Ki yi ta rabawa da 10: 0.1, 0.01, 0.001. Kina matsowa kusa da sifili, log ɗin yana ta nutsewa, −1, −2, −3, amma ba ranar da za ki isa. Babu lambar da za a ba ki, shi ne kalkuleta ke faɗa miki. Tushe 1 kuwa, jera 1 sau dubu kina ninkawa, 1 ce dai. Ba za ta kai ki 8 ba, in kuma 1 kike nema, kowace lamba amsa ce. Tambayar da ba ta da amsa, ko wadda komai amsarta ne, ba ta da amfani. In kin je jami'a za ki tarar an yi wa lambobin ƙasa da sifili log ta hanyar wasu lambobi na daban, aikin da masanin lissafi Leonhard Euler ya daidaita a ƙarni na 18. A matakin da kike yanzu, ki tsaya a kan cewa babu.

TAMBAYA: Malam, ina shirin jarrabawar shiga jami'a. In aka ce 2ˣ = 32 ina ganin amsar nan take. Amma 3ˣ = 20 fa? Sannan a kalkuletata akwai log akwai ln, wanne zan danna? Tambayoyin da tushensu ya bambanta, irin log₂ x + log₄ x = 6, su ma suna ɗaure mini kai.

AMSA: Ɗana, fara da ƙiyasi kafin ka taɓa kalkuleta. 3² = 9, 3³ = 27. Ashirin tana tsakani, ta fi kusa da 27, don haka x tana tsakanin 2 da 3, ta wuce biyu da rabi. Yanzu ɗora log a ɓangarorin biyu: log (3ˣ) = log 20. Lambar sama ta sauko: x log 3 = log 20. Sai x = 1.3010 ÷ 0.4771, kusan 2.727. Ta yi daidai da ƙiyasinmu. Da ka ruɗe ka yi log (20 ÷ 3), da 0.82 ka samu, kuma ƙiyasin ne zai tashe ka tun kafin ka miƙa takarda.

Ka lura da abin da muka yi. Amsar 3ˣ = 20 ita ce log₃ 20, mun kuma same ta ta raba log 20 da log 3. Wannan ita ce dokar sauya tushe, kuma ita ce amsar tambayarka ta biyu: danna wanda ka ga dama, in dai shi ka yi amfani da shi sama da ƙasa. ln 20 kusan 2.9957 ne, ln 3 kusan 1.0986, raba su, 2.727 ce dai. ln log ne kamar kowane log, tushensa ne lambar da ake kira e, kusan 2.71828. Tana fitowa ne daga abin da ke ƙaruwa a kai a kai ba tsayawa. Lissafa (1 + 1/n)ⁿ: in n tana 1 za ka sami 2, in tana 12 kusan 2.613, in tana 365 kusan 2.7146, tana matsowa kusa da e ba ta wuce ta. Masanin lissafi Jacob Bernoulli ya ci karo da wannan a 1683. A kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa ke sauyawa, za ka ga dalilin da ya sa masana suka fi son wannan tushen.

Ta ukun kuwa, karanta da baki. Kowace huɗu biyu biyu ce. In lamba tana buƙatar biyu shida kafin a kai ta, huɗu uku kawai take buƙata, duba 64. Wato log₄ x rabin log₂ x ne. Tambayar ta koma ɗaya da rabi na log₂ x daidai yake da 6, don haka log₂ x = 4, x = 16. Gwada: log₂ 16 = 4, log₄ 16 = 2, jimla 6.

Ga wata da ba ka tambaya ba amma za ka gamu da ita: (log x)² − 3 log x + 2 = 0. Kira log x da suna y, sai ta zama y² − 3y + 2 = 0, y = 1 ko 2. Ɗalibai da yawa a nan suke tsayawa su ja layi. Ba y aka tambaye ka ba. log x = 1 na nufin x = 10, log x = 2 na nufin x = 100.

TAMBAYA: Malam, ni mahaifi ne. A zamaninmu da jadawalin log muke ninka manyan lambobi, kuma na fahimci amfaninsa a lokacin. Yanzu waya ma tana wannan aikin. Me ya sa har yau ake wahalar da 'ya'yanmu da log?

AMSA: Yallaɓai, rabin maganarka gaskiya ce, kuma zan fara da ita. Log don sauƙaƙa ninkawa aka ƙirƙiro shi. John Napier, mutumin Sikotiland, ya buga jadawalinsa a 1614 bayan aikin kusan shekara ashirin, domin masu nazarin taurari da masu tuƙin jiragen ruwa su riƙa tarawa a inda da sai sun ninka lambobi masu tsawo. Henry Briggs, malamin lissafi a Landan, ya yi tattaki zuwa Edinbura a 1615 ya same shi, suka amince a mayar da tsarin kan goma, log 1 ya zama sifili. Napier ya rasu a 1617, Briggs ya ci gaba, a 1624 ya fitar da log na lambobi 1 zuwa 20,000 da 90,000 zuwa 100,000, kowanne da lamba 14 bayan ɗigo, duk da hannu. Adriaan Vlacq na ƙasar Holan ya cike giɓin da ke tsakani a 1628. Johannes Kepler ya yi aiki da log wajen jadawalin taurarinsa na 1627. Daga wannan tunanin ne aka ƙera rular lissafi mai zamewa, wadda injiniyoyi suka riƙe sama da shekara ɗari uku, har kalkuletar aljihu irin HP-35 ta fito a 1972. Wannan aikin kam na'ura ta karɓe shi. A ra'ayina, a nuna wa yara jadawalin na 'yan kwanaki su ga yadda tarawa ke tsaya wa ninkawa, amma cinye zangon karatu ana horar da su saurin duba jadawali asarar lokaci ce.

Sai dai tambayar da log ke yi ba ta tsufa ba. Duk inda abu ke ƙaruwa ko raguwa ta hanyar ninkawa, aka ce yaushe zai kai kaza, log ake nema. Abin da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara, yaushe zai ninka biyu? 1.03 nawa za a jera a kai 2? log 2 a raba da log 1.03, kusan shekara 23 da rabi. Kalkuleta za ta yi rabawar, amma ba za ta gaya wa yaro cewa wannan rabawar ce ake buƙata ba.

Haka masu binciken kayan tarihi ke gane shekarun tsohon ƙashi ko gawayi. Sinadarin kabon-14 da ke cikinsu yana raguwa da rabi duk bayan kusan shekara 5,730. In kashi ɗaya cikin takwas ya rage, an raba shi gida biyu har sau uku, shekara 17,190 ke nan. In kashi 30 cikin 100 ya rage, log 0.3 a raba da log 0.5 zai ba da kusan 1.737, a ninka da 5,730, kusan shekara 9,950.

Ma'aunin girgizar ƙasa da Charles Richter ya fitar a 1935 na log ne: girgiza mai maki 7 ta ninka mai maki 6 sau goma a motsin da na'ura ke rubutawa, a ƙarfin da ta saki kuwa kusan sau 32. Wanda bai san haka ba zai ji 6 da 7 a labarai ya ɗauka tazarar kaɗan ce. Ma'aunin pH da Søren Sørensen ya kawo a 1909 shi ma haka yake, ruwa mai pH 4 ya ninka mai pH 7 sau 1000 a yawan ƙwayoyin haidirojin masu sa tsami. A ma'aunin ƙara, injina biyu da kowanne ke fitar da desibel 80, in an kunna su tare kusan 83 za a auna, ba 160 ba, domin ninka ƙarfin sauti sau biyu yana ƙara 10 × 0.3010 ne kawai, wato 3.

Ita kanta wayar da ka ambata da log take aiki. In an jera sunaye miliyan ɗaya bisa tsarin haruffa, na'ura ba ta bin su ɗaya bayan ɗaya. Tana duba na tsakiya, ta watsar da rabin da sunan ba ya ciki, ta sake duba tsakiyar abin da ya rage. Sau nawa za a raba miliyan ɗaya gida biyu kafin a kai suna ɗaya? log₂ 1,000,000, wanda bai kai 20 ba. Dubawa 20 ta isa. In sunayen suka kai biliyan ɗaya, wato aka ninka su sau dubu, dubawa 30 ta isa.

In kana son ka zauna da yaranka a kan wannan, ba su tambayar nan: in an jera 2 sau ɗari ana ninkawa, lambar da za ta fito tana da alƙaluma nawa? Ba sai sun ninka komai ba. 100 × 0.3010 = 30.10, wato lambar ta ɗara 1 mai sifili 30 a bayanta da kaɗan, don haka alƙalumanta 31 ne. In sun kama wannan, su gwada 3 sau hamsin da log 3 = 0.4771, su aiko mini da abin da suka samu tare da yadda suka yi.